Jar Buta a Motar Kyaftin

Duk faɗin Yelwa babu wanda ya taɓa jin Haliru Kyaftin ya ce "ban sani ba." Innarsa ma, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta ji ba. In baƙo ya tambaye shi gidan mutumin da bai taɓa jin sunansa ba, sai ya kwatanta masa lungu uku da bishiyar darbejiya, har da launin ƙyauren. In ana gardamar zurfin ruwan Kainji, shi ya auna. In ana zancen ciwon hanta, ya taɓa warkar da mutum biyu, na ukun ne ya ƙi bin doka.

Abu ɗaya dai ba a ƙwace masa, ya san jirgin ruwa. Shekara goma sha huɗu yana jan jirgi mai inji tsakanin Yelwa da Warra, yana kwasar albasa da bandar kifi da 'yan cin kasuwa. A can ya samo sunan Kyaftin, kuma shi ya raɗa wa kansa. Da albasar bana ta yi kyau, sai ya wayi gari ya sayar da jirgin, ya sayo wata tsohuwar mota ruwan toka wadda ta girmi wasu masu 'ya'ya a unguwar. Ya sa aka rubuta mata a gilashin baya da jan fenti: SARAUNIYAR TUDU.

Kowa ya san don wa aka sayi motar. Zulai'atu ce, mai injin markaɗe a ƙofar gidan innarta, wadda ba ta cika magana ba, amma in ta dube ka sai ka gyara zama. Shekara biyu Haliru yana zuwa wurinta zance. Mahaifinta ya rasu, don haka aurenta yana hannun ƙanensa, Baba Wakili na Warra, tsohon masunci da ya san Haliru ciki da waje, kuma ya taɓa faɗa a gaban jama'a cewa bakin yaron nan ya fi injinsa ƙara. Da ƙyar da roƙon innar Zulai'atu ya yarda a zo neman aure. Amma ya kafa sharaɗi: a kawo manya ranar kasuwar Warra, kafin la'asar. Ana sallame la'asar zai shiga jirgi ya haye tungar kamun kifi a ƙetaren tafki, kuma ba zai dawo ba sai bayan wata biyar. In an makara, a nemi wata.

Da Zulai'atu ta isar da saƙon, Haliru ya yi dariya har yana dukan bonet ɗin motar.

"Kafin la'asar? A Warra za mu yi azahar, Zulai. In na ga dama in tsaya shan fura a hanya."

Saura kwana tara, da safe, ya murɗa makulli a gaban teburin mai shayi inda majalisarsu take zama, sai wata 'yar jar wuta ta kama a dashbod. Siffarta kamar buta, da ɗigo ɗaya a bakinta. Da can takan kama ta mutu da inji ya tashi. Yau ta zauna daram.

Haliru ya ɗan ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Tana nan. Ya mare shi da tafin hannu, yadda yake yi wa injin jirgi. Rediyo ta kama da kanta, butar ba ta motsa ba.

'Yan majalisa, waɗanda kusan dukkansu masunta ne da direbobin jirgi, suka taso da kofunansu suka leƙa.

"Kyaftin, mi ne ne wanga jan abu?"

"Ashe ba ku sani ba?" in ji Haliru, yana gyara hula. "Motar nan don ƙasashen Larabawa aka ƙera ta. Buta ce. Tana tuna wa direba lokacin alwala."

"Allahu akbar! Da hantsin nan?"

"Walaha fa? Ku da ba ku yi."

Ɗangana bakanike, wanda garejinsa ke tsallaken titi, ya ƙaraso yana goge hannu da tsumma. Ya leƙa sau ɗaya ya ɗago.

"Kyaftin, kashe motar nan. Baƙin mai take nema. Kawo ta in duba maka, ko sisi ba ni so."

"Kai za ka duba mini?" Haliru ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka koyi inji a tudu, inda in ya mutu ka kira mutane su tura? Ni a tsakiyar ruwa na koya, Ɗangana, inda ba a turi. Zancen baƙin mai kuwa tun jiya na sani. Gwada ku nake yi."

"To, butar alwalar fa?" in ji mai shayi.

"Aiki biyu take yi."

Ɗangana ya ce Allah ya kyauta, ya koma, ya hau babur ya tafi Kwantagora sayen kayan gyara. Tafiyar nan tasa ita ta ba Haliru fili.

Ya tafi ya sayo galan guda na baƙin mai, ya dawo ya tsaya a gaban majalisa kamar mai shirin huɗuba. To, duk wanda ya taɓa jan jirgi a tafkin nan ya san yadda ake ba inji baƙin mai. Cikin fetur ake zuba shi, a girgiza jarka ya haɗu, inji ya sha su tare. Haka Haliru ya yi shekara goma sha huɗu, kuma inji bai taɓa kai ƙararsa ba. Don haka ya zagaya bayan Sarauniya, ya buɗe tankin fetur, ya kafa mazurari, ya tuttula rabin galan.

Wani ɗan acaɓa da ke jiran fasinja ya ce, "Anya, Kyaftin? Ni dai babur ɗina ta wani wuri daban ake zuba masa."

"Shi ya sa kake kan ƙafa biyu, ni nake kan huɗu."

Masuntan suka goyi bayan nasu. Ai haka ake yi, inji inji ne, ko na ruwa ko na tudu. Sai wani dattijo ya tuna da muhimmin abu.

"Ba a girgiza ba fa."

Gaskiya ne. Jarka a hannu ake girgiza ta, to mota fa? Haliru bai ɓata lokaci ba. Ya raba majalisa gida biyu, huɗu dama huɗu hagu, ya hau kan benci yana ba da umarni kamar ana fitar da jirgi daga laka.

"Dama! Hagu! Dama! Kai Kabiru, da ƙarfi, ba jariri kake lallashi ba!"

Sarauniya ta yi ta rangaji tana kuka. Madubin gefe ya faɗi. Wata mata mai tallan ƙosai ta tsaya ta tambaya ko aljanu ake cire wa motar. Da suka gaji, Haliru ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya yi tari sau uku, ya kama, salansa ta saki wani shuɗin hayaƙi da ya rufe teburin mai shayi har ba a ganin tukunyar. Mutane suka watse suna tari. Da hayaƙin ya ɗan lafa, Haliru ya dubi dashbod.

Butar tana nan, ja wur.

"Sai ya ratsa jikinta," ya faɗa ta taga. "Magani ba ya aiki rana ɗaya."

Kwana uku yana yawo cikin gari da hayaƙi a bayansa kamar jela. Matan bakin kasuwa masu bandar kifi suka fara yi masa tayi: in zai riƙa tsayawa kusa da su kullum, sun huta da sayen itace. Maƙwabcinsa ya zo har gida ya yi godiya, ya ce tun da aka fara tayar da motar nan sauro ya ƙaura daga layin. Haliru ya karɓi godiyar hannu biyu, ya ce dama da niyya ya yi.

Ran na huɗu da yamma ya je zance. Ya tsayar da mota inda ya saba, gindin mangwaron ƙofar gidan su Zulai'atu. Ta kashe injinta, ta wanke hannu, ta zo ta zauna a bakin dakali tana kare hanci da gefen mayafi.

"Sannu da zuwa, Kyaftin. Wuta ce ta kama a garinku?"

"Gyara nake yi mata. Wankin ciki."

Ta nuna ƙasa da yatsa. A gindin mangwaron akwai tabon baƙin mai birjik, wasu sun bushe, wasu ɗanye. Na farkon ƙanana ne kamar kwabo, na baya-bayan nan sun kai faifai.

"Ka ga waɗannan? Duk zuwan da ka yi sai motarka ta bar ɗaya. Inna ta ce in zuba ƙasa in rufe, na ƙi." Ta sunkuyar da kai. "Goma sha bakwai ne. Da na yau sha takwas."

Da wani ne, da ya ji abu biyu a maganar nan, ya riƙe su duka. Haliru ɗaya ya ji.

"Ai Sarauniya ce, dole ta sa hannu duk inda ta sauka."

"Kyaftin, ta ƙasa yake zuba. Ni kowace safiya kafin in tayar da injina sai na zaro gejin baƙin mai na duba, in ya yi ƙasa sai in..."

"Injin markaɗe?" Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Haba Zulai! Kin haɗa mai niƙa tattasai da Sarauniyar Tudu? Ki bar wa maza zancen ƙarfe. Ke dai ki tanadi lallenki."

Ta dube shi irin kallon nan nata. Ya gyara zama, amma bai gyara magana ba.

"Baba Wakili ba ya sake rana," ta ce a hankali. "In ka makara, ni ban da abin da zan ce masa."

"In na makara ki canza mini suna."

Washegari ya juye sauran rabin galan a tanki, ya sayo wani. Ya cire kan batir, butar ta mutu, ya fito yana shela a majalisa. Mai shayi ya ce ai har rediyo da oda sun mutu, motar ma ba ta tashi. Ya mayar da kan batir, butar ta dawo kamar ta je ɗebo ruwa. Ya yi mata tsawa. Ya yi mata magiya a ɓoye. Ya ajiye motar a rana wuni guda ko zafi zai kore ta. Ranar tafiya da safe, da ya ga dabara ta ƙare, ya yanko baƙin salatif ya manna a kanta, ya shafe da babban yatsa.

"Na kashe ta," ya gaya wa majalisa.

Ɗangana, wanda ya dawo daga Kwantagora ya ji duk abin da aka yi, ya riƙe kai da hannu biyu.

"A tankin fetur? Galan guda? Haliru, don girman Allah bari in buɗe bonet ɗin nan, minti biyar."

"Ka taɓa ta da wannan hannun naka ranar neman aurena? In kana son zuwa, shiga baya, akwai wuri."

"Ni? Ta ruwa zan bi, tare da su Zulai'atu da innarta. Amma zuwa kam sai na zo. Wannan ba labarin da zan yarda a ba ni ba ne."

Manyan da za su nema masa aure su biyu ne. Baba Jalalu, ƙanen mahaifinsa, tsoho mai kaifin harshe, ya zauna gaba cikin farar babbar riga da ya ajiye tun Sallar bara. Liman Shu'aibu na masallacin unguwa ya zauna baya da carbinsa. Aka zuba goro da dabino da alawa a but. Haliru ya danna oda sau uku, suka ɗauki hanya da hantsi.

Kafin su wuce Birnin Yauri, hayaƙin ya gano wata ɓula a ƙasan but, ya fara shigowa ciki. Liman ya sauke gilashi. Hayaƙin waje ya shigo ya gaisa da na ciki. Liman ya ɗaga gilashi.

"Haliru," in ji Baba Jalalu, idanunsa na hawaye, "neman aure munka fito ko banda za a yi da mu?"

"Turaren mota ne, Baba. Sabon fitowa."

Rana ta take. Dashbod ya yi zafi, salatif ya fara naɗewa daga gefe, a hankali, har ya faɗo kan gwiwar Baba Jalalu. Tsohon ya ɗauka, ya duba, ya dubi inda ya fito.

"Af! Ga butar da aka ce tana kiran salla. Liman, lokaci ya yi?"

Liman ya leƙa rana ya ce ai azahar ta kusa. Haliru ya ce a bari sai Warra. Baba Jalalu ya ce shi ba zai zauna cikin motar da ta fi mai ita kula da ibada ba, a tsaya. Suka tsaya a wani ƙauye, suka jira aka kira salla, aka yi jam'i, mutanen ƙauyen suka kawo ruwa da gaisuwa mai tsawo. Da suka koma mota aka tayar, butar tana nan.

Baba Jalalu ya juya baya. "Liman, mun yi salla ko ba mu yi ba?"

"Mun yi."

"To wa ya yi babu alwala cikinmu? Ni dai na san tawa."

Duka biyun suka dubi Haliru.

"Ta direban baya take tunawa," in ji Haliru. "Wanda ya sayar mini. Ana bin sa salloli da yawa."

Liman ya yi salati, ya ci gaba da jan carbi da sauri.

Ba su yi nisa ba inji ya fara wata irin ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana sara itace a ƙarƙashin bonet. Haliru ya ƙara muryar rediyo. Ƙarar ta fi rediyo. Ya tsaya, ya fita da galan na biyu, ya juye shi kaf a tanki, ya roƙi dattawan su ɗan taimaka da girgizawa daga ciki. Liman Shu'aibu, mutumin da ko dariya ba ya yi da ƙarfi, ya sami kansa yana rangaji dama da hagu a kujerar baya, rawaninsa na kwancewa.

"Wallahi in ka faɗa wa mutanen unguwa," ya ce wa Baba Jalalu, "sai na yi huɗuba a kanka."

Suka ci gaba, mota na tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Daga kan wani tudu suka hango ruwan tafki yana ƙyalli, da rufin kwanon Warra. Haliru ya buɗe baki zai ce ga shi sun iso, sai inji ya yi wata gagarumar ƙara, gwaram, kamar an jefa tukunya a rijiya. Sarauniya ta yi shiru. Ya murɗa makulli. Ko tari ba ta yi ba. Abu ɗaya ne kawai ke da rai a motar, jar buta.

"Hutawa take yi," in ji Haliru, amma muryarsa ta sirance.

Baba Jalalu ya dubi inuwar bishiya, ya dubi rigarsa da ta koma ruwan toka kamar motar. "Inuwa ta fara tsawo, ɗana. In kana da wata ƙaryar, yi ta da sauri."

Allah ya kawo wani Bafillace, Bappa, yana dawowa daga gona da bijimai biyu na huɗa. Ya tsaya ya jingina da sandarsa yana kallon hayaƙin da ke fita ta ko'ina.

"Sannunku. Gasa ta kuke yi?"

"Gwajin inji muke yi," in ji Haliru. "Amma da yake kai mutumin kirki ne, zan ba shanunka dama su ja Sarauniya zuwa cikin gari. Abin alfahari ne gare su."

"A'a, ba su son alfahari. Sai an jima."

"Bappa!" Baba Jalalu ya fito da kai ta taga. "Rabu da shi, ni nake roƙo. Aure za mu nema, la'asar ta ƙarato."

"Wanga za a ba mata?" Bappa ya dubi Haliru, ya girgiza kai. "To, don girman furfurarka, Baba."

Aka ɗaura igiya. Haka suka shiga Warra ranar kasuwa, bijimai biyu a gaba, Bappa na yi musu waƙa, mota a baya tana bin su, Haliru riƙe da sitiyari ya fitar da gwiwar hannu ta taga kamar shi ke tuƙi. Har oda yake dannawa. Kasuwa ta tsaya cak. Masu kifi suka bar kifi, masu awon gero suka bar mudu.

"Kyaftin! Inji nawa ne wannan, mai ƙaho biyu ko huɗu?"

"Fetur suke sha ko dusa?"

"Sarauniya ta zo da dogarai!"

Haliru yana ɗaga musu hannu, yana cewa tsarin tattalin mai ne na zamani. Daidai nan ladan ya kira la'asar. Da suka isa gidan Baba Wakili aka ce ai ya yi salla da wuri-wuri ya gangara bakin ruwa, jirginsa na lodi.

Hanyar bakin ruwa gangara ce. Haliru ya duba ya ce shanu sun yi masa jinkiri, a kwance igiya, Sarauniya za ta gangara da kanta, in ta ɗauki gudu ma ya sa giya inji ya tashi. Bappa ya ce shi dai ya ji ana cewa mota in ba inji birkinta tauri yake yi. Haliru ya tambaye shi shanu nawa ya taɓa gani da birki. Baba Jalalu da Liman, ba tare da sun yi shawara ba, suka buɗe ƙofa suka fita, suka ce za su ƙarasa da ƙafa.

Aka kwance igiya. Sarauniya ta fara gangarawa a hankali, cikin isa. Sannan ta ƙara. Haliru ya taka birki, ya ji kamar ya taka dutse. Ya taka da ƙafa biyu. Ya sa giya, ta yi ƙara ta tofar. Mutane suka dare, kaji suka tashi, wani kwandon tumatir ya yi sama.

"Ku kauce! Ku kauce! Gwaji ne!"

Ta bi ta tsakanin jirage biyu da aka ɗaure, ta faɗa tafki da wani irin fantsama da ya jiƙa duk wanda ke kusa, ta tafi har ruwa ya kai mata ƙofa, sannan ta tsaya a laka. But ya buɗe. Goro da dabino suka fito suna yawo a kan ruwa.

Sai wani direban jirgi ya ɗaga murya.

"Jama'a, Kyaftin ya dawo gida!"

Dariyar da aka yi har a kasuwa an ji. Ɗangana ya zauna a kan buhun albasa yana share hawaye. Mutum biyu ne kawai ba su yi dariya ba. Ɗaya Baba Wakili, wanda ke tsaye a cikin jirginsa, taku biyar daga tagar motar, da ƙafa ɗaya a kan kayan kamun kifi. Ɗayar Zulai'atu, wadda ta bar wurin innarta, ta tattare zane, ta shiga ruwa har gwiwa. Bonet ya riga ya ɗage da kansa. Ta sa hannu ta zaro geji, ta goge da gefen mayafinta, ta mayar, ta sake zarowa, ta ɗaga shi sama kowa ya gani. Ƙarfe ne fari tas, busasshe kamar allura.

Baba Jalalu da Liman suka iso suna haki, riguna baƙi ƙirin, suka yi sallama daga gaɓa. Baba Wakili ya amsa, amma idonsa na kan Haliru, wanda ke zaune a kujerar direba ruwa har ƙugu, hannu biyu a sitiyari.

"Haliru."

"Na'am, Baba."

"La'asar ta wuce. Amma tun da ka biyo ni har cikin ruwa, zan yi maka tambaya ɗaya." Ya miƙa sandarsa ta taga ya nuna dashbod, inda butar ke ci gaba da haskawa. "Wagga jar aba, mi take nufi? Kuma mi ya kashe motarka?"

Amsoshi suka taso wa Haliru kamar kifi a koma. Akwai ta Larabawa. Akwai ta direban baya. Akwai wata sabuwa fil da ta zo masa yanzun nan, cewa motar irin mai tafiya a ruwa da tudu ce. Har ya ja numfashi. Sai ya dubi Zulai'atu, tsaye cikin ruwa da geji a hannu, mayafinta da baƙin tabo. Ba ta harare shi ba. Jira kawai take yi, irin jiran wadda ta ƙirga tabo goma sha takwas a gindin mangwaro ta hana a rufe.

Ya sauke numfashin.

"Baba... ban sani ba." Ya nuna Zulai'atu. "Ita ta sani. Ta gaya mini, ban saurara ba."

Baba Jalalu ya dafa kafaɗar Liman. "Liman, kai ma ka ji, ko hayaƙi ne ya taɓa mini kunne?"

"Na ji. Ni shaida ne, har gaban alƙali."

Baba Wakili ya sauke ƙafarsa daga kan kayan kamun kifin, ya ce wa mai jan jirginsa ya kashe inji.

"Shekara goma sha huɗu ina jiran kalmar nan daga bakinka. Da ka iso da azahar cikin mota mai sheƙi, wallahi da hana ka zan yi." Ya juya ga dattawan. "Malamai, bismillah, mu koma gida. A tsamo goron nan, wanda ya jiƙa ma goro ne."

Innar Zulai'atu ta rangaɗa guɗa. Masunta suka shiga ruwa suna kamun goro da hula. Haliru ya buɗe ƙofa da ƙyar zai fito, sai ruwan da ke ta shiga motar ya kai ga wayoyi. Wani abu ya yi tsit-tsit a ƙarƙashin sitiyari. Jar butar ta yi ƙifta ɗaya, ta yi biyu, ta mutu.

Haliru ya tsaya. Fuskarsa ta washe. Ya miƙe tsaye cikin ruwa, ya gyara jiƙaƙƙiyar hularsa, ya ɗaga hannu ga jama'a.

"Kun gani? Ban ce muku sai na kashe..."

Zulai'atu ta ɗaga gejin kaɗan, daidai hancinsa.

Ya dubi gejin, ya dube ta, ya sauke hannu.

"Ruwa ne ya kashe ta," ya ce.

"Madalla," in ji Zulai'atu. Ta soke gejin a ƙugun zaninta, ta juya ta nufi gaɓa. Har yau yana rataye a ƙusa a bayan ƙofar ɗakinta, kuma Ɗangana ya rantse ko sau ɗaya ba a sake sa shi cikin inji ba, amma kullum yana aiki.